Shigo-shigo Ba Zurfi: Yadda Wasu Ƙungiyoyin Addini na Koriya ta Kudu Ke Farautar Baƙi

A ƙarshen shekarar 2023 baƙin da ke zaune a Koriya ta Kudu sun haura miliyan 2.5, a 2024 kuma ɗaliban ƙasashen waje da ke jami'o'in ƙasar sun zarce 200,000, gwamnati ma ta ci burin kai adadinsu 300,000 zuwa shekarar 2027. A cikin waɗannan akwai 'yan Afirka, har da matasanmu da ke samun tallafin karatu na gwamnatin Koriya da ake kira GKS, da masu zuwa neman digiri na biyu da na uku a fannin injiniya da kimiyyar kwamfuta. Ana yi wa mai shirin tafiya bayanin tsananin sanyi, da tsadar haya, da wahalar samun naman halal, amma da wuya a gaya masa cewa a cikin watanninsa na farko akwai yiwuwar wani ya tare shi da fara'a a bakin tashar jirgin ƙasa ko a harabar jami'a, ya gayyace shi wani abu mai kyau kuma kyauta, alhali sunan ƙungiyar da ta turo shi ba zai fito daga bakinsa ba sai bayan watanni.

Ya kamata a raba waɗannan ƙungiyoyi da ƙungiyoyin asiri irin na jami'o'in Najeriya. Na Koriyan suna da manyan gine-gine, suna cika filin wasa da jama'a idan suna biki, suna sayen shafin talla a jaridu, kuma kundin tsarin mulkin Koriya, a sashe na 20, ya ba su 'yancin addini kamar yadda ya ba kowa. Abin da ya sa suka zama abin damuwa ba baƙuwar aƙidarsu ba ce, domin kowa da abin da ya yi imani da shi, kuma ba hurumin hukuma ba ne ta auna wa mutane imani. Matsalar tana ga hanyar da wasunsu ke bi su shigar da mutum: suna ɓoye ko su wane ne a lokacin da mutum yake da cikakken ikon ya ce a'a, sai su bayyana kansu bayan sun tabbatar abokansa da lokacinsa da tunaninsa duk sun koma hannunsu. A ganina nan ne zaluncin yake, domin yardar da aka samu ta hanyar ɓoye gaskiya ba yarda ba ce.

Ƙungiyar da ta fi shahara da wannan salo ita ce Shincheonji, wadda Lee Man-hee ya kafa ranar 14 ga Maris, 1984, kuma hedikwatarta tana Gwacheon, kudu da birnin Seoul. An haifi Lee a 1931. Koyarwar ƙungiyar ta ginu a kan littafin Ru'ya ta Yohanna, wato littafin ƙarshe na Sabon Alkawari, tana cewa Littafi Mai Tsarki a rufe yake cikin misalai, kuma Lee shi ne fasto na alkawari da aka ba shi ikon warware su. An kasa mabiyanta ƙabilu 12, kuma adadin nan na 144,000 da littafin ya ambata yana da babban matsayi a wajensu. Manyan ɗarikun Kirista na Koriya sun daɗe da ayyana ta a matsayin ɓatacciyar koyarwa, har ma a ƙofar coci-coci da dama akwai takarda a manne da ke hana 'yan Shincheonji shiga. Dalilin takardar shi ne zargin da aka daɗe ana yi musu na tura mutanensu, waɗanda ake kira masu girbi, su shiga wasu coci-coci kamar mambobi na gaskiya, su yi ta janye jama'a ɗaya bayan ɗaya.

Duniya ba ta san su sosai ba sai a Fabrairun 2020, lokacin da aka tabbatar wata mace mai shekara 61, mabiyiyar reshensu na birnin Daegu, ta kamu da korona, ita ce mutum ta 31 a jerin waɗanda suka kamu a ƙasar. Cikin 'yan makonni sama da mutum 5,000 da suka kamu aka danganta su da ƙungiyar. Da jami'an lafiya suka shiga bin diddigi, sai sirrin ya zama matsalar ƙasa baki ɗaya, saboda akwai mabiya da yawa da ko iyayensu da matansu na aure ba su san suna ciki ba, kuma jerin sunayen da aka miƙa wa gwamnati ya haura 200,000. Ranar 2 ga Maris Lee ya durƙusa a gaban 'yan jarida ya nemi gafarar al'umma. An kama shi a watan Agusta, a Janairun 2021 kuma kotu ta wanke shi daga tuhumar yi wa aikin daƙile annoba zagon ƙasa, amma ta same shi da laifin sama da faɗi da kuɗin ƙungiya kimanin biliyan 5.6 na won, kuɗin Koriya, ta yanke masa ɗaurin shekara uku da aka jingine.

Yadda ake shigar da mutum, kamar yadda tsofaffin mabiya suka yi ta bayyanawa a Koriya da sauran ƙasashe, yana da matakai, kuma matakin farko ba ya kama da addini ko kaɗan. Wata budurwa ko wani saurayi zai tare ka ya ce yana aikin bincike na makaranta yana son ka cike masa 'yan tambayoyi, ko ya ce yana son ya koyi Turanci shi kuma ya koya maka yaren Koriya, ko ya gayyace ka ƙwallo, ko gwajin sanin halin ɗan Adam, ko aikin sa-kai. Daga nan sai musayar lambar waya ko ta manhajar hira ta KakaoTalk, sai shan kofi, sai hira mai daɗi wadda a cikinta ake tambayarka iyalinka, da abin da ke damunka, da ranakun da ba ka da lacca, da matsayinka game da addini. Kai kana ganin ka yi aboki, shi kuwa, a cewar waɗanda suka yi aikin suka bari, yana komawa ya rubuta rahoto ga na sama da shi. Bayan makonni sai a haɗa ka da wani malami, a nuna kamar haɗuwar ta zo ne bisa katari, a ce ya yi karatun tauhidi kuma yana koyar da Littafi Mai Tsarki kyauta ba tare da bin wata ɗarika ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a tsarin shi ne abin da ke faruwa a cikin ajin. A harshensu sabon shiga sunansa ɗan itace, tsohon mabiyi da aka ɗora masa alhakin kula da shi kuma sunansa ganye. Ganyen nan yana zaune kusa da kai a aji da sabon littafin rubutu, yana rubuta darasin da ya riga ya haddace, yana ɗaga hannu yana tambaya kamar yau ya fara ji, yana juyowa ya ce maka lallai wannan bayani ya ratsa shi. Idan aka tashi kuka nufi tashar jirgi tare, ka ce masa akwai abin da bai kwanta maka ba a darasin yau, to kafin darasi na gaba malamin ya ji, sai ka ga ya ɗauko ainihin tambayar da ke ranka ya amsa ta ba tare da ka yi masa ita ba. Mutum mai tsoron Allah da ya ga haka zai ɗauka wata alama ce daga sama. A wasu azuzuwan, in ji tsofaffin mabiya, kusan rabin ɗaliban irin waɗannan ganyayyaki ne. Ana kuma jan kunnen ɗalibi da kada ya gaya wa iyayensa ko fastonsa, kada kuma ya bincika komai a intanet, a ce masa Shaiɗan yana amfani da makusanta da kuma intanet ya ƙwace kalmar da aka shuka a zuciyarsa. Karatun yana ɗaukar watanni, sau da yawa a mako, sa'o'i masu yawa a kowane zama, kuma sai an yi nisa ake faɗin sunan Shincheonji da na Lee Man-hee. A ranar da aka faɗa, ganyayyakin su ma sukan bayyana kansu, su nemi afuwa, su ce ƙauna ce ta sa suka ɓoye.

Ɗan ƙasar Koriya yana da kariyar da baƙo ba shi da ita. Ya ga takardar nan a ƙofar coci, ya ga Lee a talabijin yana durƙuse, wataƙila an taɓa tare shi a titi sau da dama, don haka da ya ji salon maganar zai gane inda aka dosa. Baƙo kuwa makahon gari ne. Ba ya karanta rubutun Koriya da kyau, bai san sunayen ba, kuma gargaɗin da ake yi galibi da yaren ƙasar ake yin sa. Ga kuma kaɗaici, wanda duk wanda ya yi zaman ƙasar waje ya san nauyinsa. Yaron da ya tashi a gidan da ba a cin abinci shi kaɗai, inda ba a wuce mutum ba a gaishe shi ba, sai ga shi a ɗan ƙaramin ɗaki, abokan karatunsa suna jin nauyin yi masa magana saboda Turancinsu, ya yi kwana da kwanaki babu wanda ya tambaye shi ya ya kwana. Wanda ya fara tambayarsa ya riga ya sami rabin zuciyarsa. Sannan tarbiyyarmu ta girmama mai masauki tana ƙara ɗaure shi, domin yana jin kunyar ya ƙi gayyatar wanda ya saya masa abinci, ya raka shi ofishin shige da fice, ya taimaka masa ya buɗe asusun banki.

Masana zamantakewa sun daɗe da gano wannan. Tun a 1965 John Lofland da Rodney Stark, da suka bibiyi mabiyan Sun Myung Moon (ɗan Koriyan da ya kafa cocin Unification) na farko a Amurka, sun nuna cewa mutane ba sa shiga irin waɗannan ƙungiyoyi don hujjar aƙida ta rinjaye su, sai don shaƙuwarsu da 'yan ciki ta fi ƙarfin shaƙuwarsu da 'yan waje, aƙidar daga baya take biyowa. Idan haka ne, to babu wanda ya kai mazaunin ƙasar waje rauni, tunda nisa ya riga ya yanke masa igiyoyin da ke riƙe da shi kafin kowa ya taɓa shi. Wannan ne ma ya sa ba daidai ba ne a riƙa kallon waɗanda suka faɗa a matsayin wawaye. Yawancinsu masu ilimi ne, masu son addini da son taimakon jama'a, kuma kyawawan halayen nasu su ne ƙofar da aka shiga ta cikinta.

Akwai wani amfani na daban da baƙo yake da shi, wato hotonsa. A farkon shekarun 2010 wata ƙungiyar sa-kai mai suna Mannam ta yi suna a tsakanin baƙi mazauna Koriya, tana ba da darasin yaren Koriya kyauta, da koyon girki, da wasanni, da tafiye-tafiye. A Satumban 2012 ta gayyaci ɗimbin baƙi wani bikin zaman lafiya a filin wasan Olamfik na Seoul, sai da yawansu suka tarar da kansu a tsakiyar babban taron Shincheonji, kuma Lee Man-hee shi ne shugaban girmamawa na Mannam ɗin. Ba a nemi yawancin waɗannan baƙi su canza addini ba. Abin da ake so shi ne fuskokinsu da tutocin ƙasashensu, a nuna wa mabiya na cikin gida cewa al'ummai daga kowace kusurwa suna tururuwa zuwa ga shugabansu kamar yadda aka yi annabci. A 2013 aka kafa HWPL, ƙungiyar da ke kiran kanta mai fafutukar zaman lafiyar duniya, wadda Lee ne shugabanta, tana da reshen mata IWPG da na matasa IPYG. Tana gayyatar 'yan siyasa da 'yan jarida da malaman addinai daga ƙasashe da yawa, har da limaman Musulunci, zuwa tarukanta. Ita tana cewa aikinta daban yake da na cocin, amma wanda aka gayyata yana da haƙƙin ya san cewa shugaban ɗaya ne kafin ya amsa. Don haka Musulmi da ke ganin wannan rigima ce ta tsakanin Kirista bai fahimci lamarin ba, domin ko ba a kai shi ajin Littafi Mai Tsarki ba, ana iya amfani da rawaninsa ko hijabinta a hoton talla.

Ba Shincheonji kaɗai ba ce. A unguwannin Seoul irin su Hongdae da Gangnam da Myeongdong akwai masu tare baƙi, galibi su biyu, su fara da tambayar hanya ko yabon hasken fuskar mutum, sannan su gayyace shi ya ga al'adar gargajiya ta Koriya. Sai a kai shi wani gida, a sa masa kayan gargajiya na hanbok, a sa shi ya yi ta sunkuyo a gaban teburin hadaya ga kakanni, a ƙone takarda mai sunansa, a ƙarshe a nemi kuɗi kuma a ce kada ya faɗa wa kowa har wani adadin kwanaki. Ana danganta waɗannan da ɓangarorin Daesun Jinrihoe, addinin da aka kafa a 1969. Ga Musulmi ko Kirista da ya je da niyyar kallon al'ada, gane cewa an sa shi cikin ibadar da bai yi niyya ba ciwo ne da ya fi asarar kuɗin.

Mafi munin misali shi ne na Jung Myung-seok, shugaban ƙungiyar da aka fi sani da JMS, wadda ta riƙa jan 'yan mata a jami'o'i ta hanyar kulob ɗin rawa da wasanni da tallan kayan ƙawa. Ya gudu daga Koriya, aka kama shi a ƙasar Sin a 2007, aka yanke masa ɗaurin shekara 10 saboda fyaɗe ga mabiyansa, ya fito a Fabrairun 2018. A Oktoban 2022 aka sake kama shi, kuma cikin matan da suka kai ƙara akwai 'yar Hong Kong da 'yar Ostireliya, wato baƙi ne da aka jawo su daga ƙasashensu. A Disambar 2023 kotun Daejeon ta yanke masa shekara 23, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 17, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hakan a Janairun 2025.

Salon ya kuma tsallaka iyakar Koriya, kuma ko a can ma ɗaliban ƙasashen waje da 'ya'yan baƙin haure suna cikin waɗanda aka fi nema. A ƙarshen 2016 Cocin Ingila ta aika gargaɗi ga ɗaruruwan majami'unta na Landan game da wata ƙungiya mai rajista da sunan Parachristo, wadda ke gudanar da azuzuwan Littafi Mai Tsarki kuma aka alaƙanta ta da Shincheonji. A Singapore, ma'aikatar cikin gida ta bayyana a Fabrairun 2020 cewa reshen ƙungiyar marar rajista yana fakewa da kamfanoni yana yaudarar matasa Kirista, a Nuwamban shekarar kuma aka kama mutum 21. A 2025 majalisar dokokin jihar Victoria ta Ostireliya ta buɗe bincike a kan hanyoyin da irin waɗannan ƙungiyoyi ke bi wajen jan mutane.

Adalci ya sa a saurari ɗaya ɓangaren. 'Yan Shincheonji suna cewa ƙiyayyar da ake nuna musu ce ta tilasta musu ɓoyewa, kuma gaskiya ne cewa a Koriya akwai iyalan da ke tsare 'ya'yansu manya da ƙarfi su kai su wajen fastoci don a fitar da su daga ƙungiyar, har wata budurwa ta rasa ranta a irin wannan yanayi a Janairun 2018. Wannan ma zalunci ne, kuma bai kamata a yi shiru a kansa ba. Bayan 2020 ƙungiyar ta ce ta koma wa'azi a fili, tana sanya darussanta a YouTube da sunanta, ko da yake rahotanni daga ƙasashen waje sun ci gaba da nuna tsohon salon. Haka nan jita-jita ba ta taimakon kowa. A 2018 an yaɗa a jami'o'in Amurka cewa masu wa'azin Allah Uwa, wato mabiyan World Mission Society Church of God, masu safarar mutane ne, 'yan sanda suka bincika ba su sami hujja ba. Amma duk wannan bai wanke yaudara ba. Ɗalibin da ya zo daga Kano ko Kampala bai tsananta wa kowa ba, don haka babu dalilin da zai sa shi ya biya bashin rigimar da ke tsakanin coci-cocin Koriya da watannin rayuwarsa.

Doka ba ta da ƙarfi sosai a nan. A Janairun 2020 wata kotu a Seosan ta yanke cewa wa'azin da ake ɓoye sunan ƙungiya ya saɓa doka, ta umarci a biya wani tsohon mabiyi diyyar won miliyan 5. A Agustan 2022 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin biyan diyya a shari'ar, ta amince cewa ɗabi'ar abin zargi ce, amma ta ce a wannan shari'ar ba a nuna an ƙwace wa masu ƙarar 'yancin zaɓi ba, musamman tunda sun ci gaba da zama a ciki bayan sun san sunan. Ina ganin a nan kotun ta tsallake ainihin dabarar, domin an tsara jinkirin ne don idan sunan ya fito mutum ya kasa tafiya. Japan ta ɗan yi gaba bayan kisan tsohon firaminista Shinzo Abe a Yulin 2022, wanda ya tono yadda cocin Sun Myung Moon ke tatsar mabiya: a Disambar shekarar ta yi dokar hana karɓar gudummawa ta hanyar tsoratarwa da yaudara, a Maris 2025 kuma kotun Tokyo ta ba da umarnin rusa rajistar cocin.

Binciken masaniyar zamantakewa Eileen Barker a Birtaniya ya nuna cewa kusan tara cikin goma na waɗanda suka halarci taron bitar mabiyan Moon ba su shiga ba, kuma da yawa cikin waɗanda suka shiga sun fita cikin shekara biyu. Wannan yana nufin ba sihiri ba ne, kuma bayani tun da wuri yana karya shi. Tambayoyin da ke tona asiri masu sauƙi ne: mene ne cikakken sunan ƙungiyar, wane ne ya kafa ta, ina adireshinta, kuma zan iya zuwa da abokina ko in gaya wa limamina ko fastona? Wurin da aka kasa amsa waɗannan kai tsaye, ko aka ce a jira sai an ƙara fahimta, bai cancanci zama na biyu ba. Wanda ke son koyon yaren Koriya yana da cibiyar harshe ta jami'arsa, da shirin KIIP na koya wa baƙi harshe da al'ada na ma'aikatar shari'a, da Seoul Global Center, kuma tun daga gida akwai Cibiyar Al'adun Koriya a Abuja. Mai neman jama'a yana da babban masallacin unguwar Itaewon a Seoul da aka buɗe a 1976, da coci-coci masu hidima da Turanci waɗanda sunansu ke rubuce a ƙofa. Lambar 'yan sanda 112 ce, ta cibiyar taimakon baƙi kuma 1345.

Ga iyaye da 'yan uwa da ke gida, alamar da aka fi gani ita ce yaro ya rage kira, ya daina faɗin inda yake zuwa da yamma, sakamakon karatunsa ya faɗi, ya riƙa zancen wasu sababbin abokai da ba ya son a tambayi sunan wurin da suke haɗuwa. Faɗa da barazanar yanke masa kuɗi ba sa fitar da shi, domin an riga an gaya masa cewa danginsa za su juya masa baya, kuma fushinsu tabbatar masa da maganar malaminsa zai yi. Waɗanda suka fita sukan ba da labarin cewa a ranar da suka bar ƙungiyar wayarsu ta yi tsit, abokan da suke tare kullum suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya, ga karatu ya lalace, ga bizar ɗalibi da ke rataye a kan halartar aji da cin jarrabawa. A wannan lokacin wanda bai yanke zumunci da shi ba ne kaɗai zai iya taimaka masa ya tunkari ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa, ya nemi a ba shi damar maimaita zangon da ya rasa kafin takardunsa su ƙare.